Yarana Sun Hana Ni Sakat A Madafa: In Kore Su Ko In Bar Su?

Tambaya: Wata uwa daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ta aiko da wannan: "Ina da yara biyu, mace 'yar shekara biyar da namiji ɗan shekara uku. Da na ɗora tukunya sai su manne mini, wannan ya ja zane, waccan ta ɗauki ludayi. Inna, mahaifiyar maigida, ta ce in ƙyale su, da haka ake koyo. Shi kuma maigidan ya ce kada ya sake ganinsu a madafa, musamman namijin. Ga shi namijin ba ya cin komai sai shayi da burodi da taliyar leda, da ya ga ganye a miya sai ya ture kwano. Don Allah akwai wani amfani a sa yara ƙanana cikin aikin abinci, ko jawo wa kai wahala ne kawai?"

Amsa: Allah ya raya miki su 'yar'uwa, ya sa masu jin ƙanku ne. Na daɗe ina aikin wayar da kan iyaye mata kan ciyar da ƙananan yara, a cikin gari da ƙauyukan kewaye, kuma tambayar nan taki ta faɗo kan abin da ya fi damuna.

Amfani akwai, mai yawa ma. Amma bari in fara raba miki gardamar gida, don Inna da maigida kowa da gaskiyarsa. Inna ta san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maigida kuma ya san wuta ba ta san na gida ba. Abin da zai haɗa su shi ne ki tsaya ki dubi yadda girkinki yake tafiya. Ɗauki tuwon shinkafa da miyar zogale. Kafin ki hura wuta sai kin tsince shinkafa, kin rege, kin tsinke zogale, kin wanke tumatir, kin ɓare albasa, kin daka gyaɗa da daddawa. Duk wannan ba ya buƙatar ko tsinken ashana ɗaya. A kan tabarma ake iya yinsa, a inuwar tsakar gida, nesa da murhu. To nan ne rabon yara. Ki fito musu da aikin waje, wuta da tukunya da wuƙa su tsaya a hannunki. Duk abin da zan faɗa daga nan, a kan wannan tabarmar nake magana.

Zan fara da ɗan naki mai ture kwano, don na san shi ya fi ci miki rai.

Daga wajen shekara biyu zuwa shida, yawancin yara sukan shiga wani mataki na ƙyamar duk abincin da ba su saba da shi ba, musamman ganye da abin da ke da ɗaci-ɗaci ko yauƙi. Yaron da yana ɗan wata tara yake haɗiye duk abin da aka sa masa a baki, shi ne a shekara uku zai zauna yana tsince albasa daga cikin shinkafa ɗaya bayan ɗaya. Masana ciyar da yara sun daɗe da gano cewa maganin wannan shi ne sabo, kuma sabon yana cin lokaci: yaro kan buƙaci a kawo masa abu sau goma, wani har sau goma sha biyar, kafin ya karɓa. Mu kuwa sau biyu ko uku muke gwadawa sai mu yanke hukunci, "ai shi ba ya cin zogale," mu aika a sayo burodi. Daga nan magana ta zauna. Yaron ma ya ji ana faɗa a gabansa, ya riƙe abarsa.

Kuma sabo da abinci ba a baki yake farawa ba. Ido ne ke fara sabawa, sai hannu, sai hanci, harshe shi ne na ƙarshe. Yaron da aka dire wa miya kore shar a gabansa bai san daga inda ta fito ba, baƙuwa ce a wurinsa, ga uwa kuma ta tsaya a kansa tana jiran ya ci. Wanda kuwa ya zauna ya tsinke ganyen da hannunsa, ya shinshina, ya watsa shi a ruwa ya ga yana yawo a sama, ya ɗan kai baki ba tare da kowa ya ce ya kai ba, in miyar ta iso ya riga ya san ta.

A shekarar 2014 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan da yara 47 'yan shekara 6 zuwa 10. Aka kasa su biyu: wasu suka haɗa abincin rana tare da iyayensu, wasu kuma iyayen suka haɗa su kaɗai. Abinci iri ɗaya ne. Waɗanda suka sa hannu sun ci salak fiye da sauran da kashi 76 cikin 100, naman kaza kuma da kashi 27. Yaran sun girmi naki, abincinsu ma ba irin namu ba ne, amma abin da suka gano shi ne abin da nake gani da idona a nan.

Akwai ranar da muke koya wa mata haɗa kwaɗon zogale a wani gida a bayan gari. Wata ta zo da ɗanta, bai fi naki ba, siriri, ya maƙale a zanenta. Tun kafin mu fara ta ce mini, "Malama, wanga yaro ba shi cin ganye, kada ki wahal da kanki." Ban ce masa ci ba. Na miƙa masa reshen zogale guda da faifai, na nuna masa yadda ake riƙe kan reshen da hannu ɗaya a zuge ganyen da ɗayan. Na farko ya zuge ya watsar da rabi a ƙasa. A na biyu ya fito da harshe gefen baki, ya natsu, ya zuge tas, ya ɗago yana dubana. Da aka dafa aka tsane ya huce, na ba shi ɗan kwano, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da kansa, ya matsa lemun tsami da hannu biyu har yana runtse ido, ya cakuɗa. Wata yarinya ta kai hannu, ya janye kwanon ya ce, "Nau na!" Loma uku ya ci, bai ƙara ba. Uwar ta buɗe baki za ta ce ya cinye, na taɓa ta na ce ta bar shi. Loma ukun nan da ya kai bakinsa da kansa sun fi mini kwano cike da aka ɗura masa.

Tunda na ambaci ɗura, ina roƙonki da duk wata uwa da ke karanta wannan, a bar ta. Danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu yana iya sa kunun ya bi hanyar iska ya gangara huhu, kuma wannan kan kai yaro gadon asibiti, wani lokaci har ya rasa ransa. Tsoratarwa da dodo ko bulala ma ba ta haifar da komai sai yaro ya ɗauki lokacin cin abinci lokacin yaƙi. Ke ce mai zaɓen abin da za a ci da lokacin da za a ci. Yawan da zai shiga cikinsa kuwa, ki bar masa. Shayin nan kuma ki rage shi, musamman tare da abinci. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, sukarin kuma yana kashe masa yunwa kafin tuwo ya sauka. Lemun tsami da tumatir su ke taimaka wa jiki ya tsotsi wannan sinadarin daga ganye da wake. Kin ga ashe aikin matsa lemun tsami da za ki ba shi ya wuce wasa.

Ga dalilin da ya sa nake nacewa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihar Sakkwato abin ya haura rabi. Ba zan yaudare ki ba, tsinke zogale a kan tabarma ba zai kawar da wannan ba. Tushensa talauci ne, da tsadar abinci, da rashin tsabtataccen ruwa, da cututtuka, da rashin tsaron da ya raba manoma da gonakinsu a gabashin jihar. Amma na shiga gidaje da yawa da abinci yake, yaro kuma yana ramewa, don abu ɗaya yake ci: kunun gero da safe, fura da rana, tuwo da dare, duk hatsi. Alhali ga zogale a bayan ɗaki, ga kuka, ga rama da yakuwa, ga wake da gyaɗa, ga nono ana kawowa har ƙofar gida, ga karas da tumatir da albasa da rani daga fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo. A irin waɗannan gidajen abin da ya rage kawai shi ne yaro ya yarda ya ci, kuma ban san hanyar da ta fi wannan sauƙi da arha ba.

Sai kuma amfanin da bai shafi ciki ba. 'Yarki tana shekara biyar, ga allo ga boko. Yatsu ukun da za ta tsince tsakuwa da su daga shinkafa, babban yatsa da manuniya da na tsakiya, su ne dai za su riƙe alƙalami a makarantar allo da fensir a aji. A makarantun renon yara kuɗi ake sawa a sayo kayan wasa don ƙarfafa waɗannan yatsun. Ke kuwa kina da naki a cikin gida: ɓare dafaffen ƙwai, tsince wake, cura fura, murmushe daddawa, tankaɗe da rariya inda dole hannu ɗaya ya riƙe ɗayan ya riƙa bugawa. Za ki ga da farko curin furarta kamar an taka, bayan 'yan makonni ya fara zama ƙwallo. Wannan canjin da kike gani a fura shi ne malaminta zai gani a rubutu.

Amfanin da ya shafi harshen Hausa shi ya fi taɓa zuciyata. Surfe, bakace, sheƙa, ribɗi, tankaɗe, talge, tuƙi, kwasa. Muciya, maburgi, mara, koshiya, madambaci, akushi. Ki tara 'yan makarantar sakandare na cikin gari ki tambaye su mene ne maburgi, ki ga nawa za su amsa. Injin niƙa da kayan zamani sun sauƙaƙa mana wahala, mun gode Allah, amma sun tafi da kalmomi da yawa, kuma kalma ba ta zama a kan yaro sai ya ji ta a inda ake aiki da ita. Nan ne Inna za ta yi miki rana. Ki bar su su zauna kusa da ita in tana bakace, su ji ƙarar tsaba a kan faifai, su ga dusa tana tashi tana barin hatsi, su ji waƙar da take yi a ƙasan maƙoshi. Yaro da hira yake koyon magana, ya faɗa a amsa masa, ya tambaya a ba shi amsa. Yawancinmu yanzu in za mu shiga girki sai mu miƙa wa yaro waya don ya ba mu lafiya, ya yi awa guda yana kallo babu wanda ya ce masa uffan. Awar nan a kan tabarma, "miƙo min wancan," "wannan ja ne ko kore," "shinshina ka gaya min mene ne," ta fi masa komai da ke cikin wayar.

Lissafi ma da kansa yake shigowa. "Mu bakwai ne a gidan nan, kowa curi biyu, nawa za mu cura?" Ta auna wake da gwangwani, ta ga rabin mudu da idonta kafin malami ya rubuta mata rabi a allo. Ta ga ƙullun waina da aka kwaɓa da dare ya tashi ya cika roba da safe, ta tambaye ki wa ya ƙara. Ki gwada mata wannan wata rana: ki zuba zoɓo mai sanyi a kofi biyu, ɗaya ta ɗiga lemun tsami, ɗaya ta ɗiga ruwan kanwa. Na lemun tsamin zai ƙara ja ya yi haske, na kanwar ya yi duhu ya juya kamar wani abu dabam. Abin da ake koyarwa ke nan a ajin kimiyya kan tsami da kishiyarsa, ga shi ta gani tana shekara biyar, kuma za ta yi ta ba da labarinsa.

Ta fannin tsabta, ki mayar da wanke hannu da sabulu sharaɗin hawa tabarma. Za ki sha mamakin yadda yaran da sai an yi faɗa suke wanke hannu za su riƙa tsere zuwa buta, don yanzu akwai abin da suke so a bayansa. Wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma mu da muka san abin da amai da gudawa ke yi mana da damina ba ma buƙatar dogon bayani. A nan ne kuma ladubban ci suke shiga ba da wa'azi ba. Umar ɗan Abu Salama ya ce yana yaro a hannun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya ce masa, "Ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci daga abin da ke gabanka." Ya ce tun daga ranar haka cinsa ya kasance. A gaban akushi aka koya masa, cikin taushi, kuma ya riƙe har girmansa. Yarinyar da ta sha zama tana tsince shinkafa har wuyanta ya gaji, ba sai an gaya mata zubar da abinci almubazzaranci ba ne.

Yanzu maganar namijin. Na san abin da ke ran maigida, ko bai fito ya faɗa ba: kada yaro ya tashi cikin mata ya lalace. Ki yi masa magana cikin ladabi, a lokacin da ransa ke sake. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi yake yi a cikin gidansa, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Wannan yana cikin Bukhari. Sannan ya dubi gari: mai shayi namiji ne, mai tsire da mai balangu maza ne, masu gasa burodi maza ne, babu wanda ya ce sun rage da komai. Ɗan nan wata rana zai tafi makarantar kwana, ko jami'a, ko bautar ƙasa a garin da babu Inna babu ke. Matarsa za ta haihu, za ta yi jinya. Na sha ganin gidan da uwa ta kwanta rashin lafiya kwana uku yara suka koma gari da sukari, ga hatsi a buhu ga uba a tsaye, bai san ta inda ake farawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a halin da ake ciki, namijin ne ma ya fi buƙatar tabarmar nan, don shi ne ba ya cin abinci.

Ita macen kuma akwai abin da nake ji mata tsoro, wanda ya fi yawa a wajenmu. Daga "zo ki taya ni" sai a zarce, kafin ta kai takwas ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai reno, ita ce mai kai niƙa, ita ce mai talla, makaranta kuma sai in an samu sarari. Wannan ya tashi daga koyo ya koma bauta. Ga ma'aunin da za ki riƙe: in abincin gidan ba zai sauka ba sai da aikinta, to an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Minti goma zuwa ashirin ya ishe ta. In ta gaji ta tashi ta koma wasan tuwon ƙasarta, ki bar ta. Kuma abin da aka sa ta a sa ƙanenta daidai ƙarfinsa, kada ta tashi da tunanin ita aka haifa don aiki shi don a kawo masa.

To sai tsoron maigida, wanda nake tare da shi ɗari bisa ɗari. Hausawa na cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka, amma wanda ya taɓa ganin yaron da tafasasshen talge ya zubo wa ba zai so ɗansa ya san ta ta wannan hanyar ba. Fatar yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, abin da zai yi miki ja kawai shi zai saɓule masa fata. Murhunmu kuma a ƙasa yake, da kurfoti da risho, duk daidai tsawon ɗan shekara uku. Ki ja layi a ƙasa da gawayi, taku huɗu ko biyar daga murhu, ki ce musu nan ne iyaka, kuma kada ki sassauta ko sau ɗaya. Ranar suyar ƙosai ko awara ko waina, babu yaro a kusa sam, mai yana tsalle. Tukunyar da aka sauke ma wuta ce, kada a ajiye ta a hanyarsu, haka garwashin da aka kwashe da tokar da ake zaton ta mutu. In ƙaddara ta faɗa aka ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, ko da buta ne, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko tawada. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron, ko a fuska take, ko hannu, ko gaba, a tafi asibiti nan take.

Hayaƙi ma wani dalili ne na fito da su waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mace-macen ƙananan yara daga ciwon huhu hayaƙin girki na cikin gida ne sanadinsa. In da icce kike girki, ɗakin girkin ya kasance da taga ko a yi a fili, kuma in kina da goyo ki sauke shi kafin ki sunkuya hura wuta. Kananzir kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwa, da zafin Sakkwato yaro mai ƙishi ba ya tambaya. Haka maganin ƙwarin da ake sa wa wake, a wanke waken kafin a ba su tsinta, ko su wanke hannu da zarar sun gama.

Gyaɗa tana da nata hukunci. Ɗan shekara uku kada a ba shi ƙwayarta, yana iya ƙwarewa ta toshe masa hanyar numfashi, ko ya cusa ta a hanci ko kunne. Haka ƙwayar wake da masara. A ba shi dakakkiya a abinci. Yayar tasa kuwa tana iya zama kusa da ke ta koyi fitar da wadda ta yamutse ko ta yi hunhuna, ki gaya mata dalili: irin wannan gyaɗar tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Barkono da attaruhu, ɗanyen nama, ɗanyar kaza, duk naki ne. Taɓarya babba ma haka, ki samo masa ƙaramin turmin dakan yaji ya riƙa daka daddawa ko ƙuli-ƙuli. Shi aikinsa wanke tumatir da karas a roba, yayyaga alayyafo, zuge zogale, zuba abin da kika auna, damawa da ludayi a abu mai sanyi. Ita ta ƙara da tankaɗe, awo, cura fura, ɓare ƙwai, yanka ayaba da cokali, jera kwanoni.

Gaskiya ce za su ɓata miki wuri, kuma aikin minti biyar zai koma na sha biyar. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma hannun ɗan shekara uku sai an yi haƙuri da shi tukuna. Don haka kada ki fara a ranar da kike sauri, ko kina da baƙi, ko dab da shan ruwa da azumi. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, da hantsi kafin rana ta buɗe, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ki shimfiɗa buhu a ƙarƙashin faifai don abin da ya zube ya kwasu. In sun yi ba daidai ba kada ki karɓe ki gyara a gabansu, kada kuma ki ce "ba ka iya ba." Ki ce, "kawo in nuna maka wata dabara." Share wurin kuma tare za ku yi, yana cikin aikin.

Akwai inda tabarma ba ta isa ba. In kin ga yaron yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko gudawa ta ƙi tsayawa, wannan ya wuce tsirfar cin abinci, ki kai shi a auna shi a duba tamowa da ƙarancin jini. In kuwa kin ga dasashinsa yana jini, baki yana wari, kumatu ya fara kumbura, kada ki kwana. Cutar noma mai cin baki da fuska yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da rashin abinci mai gina jiki ta fi kamawa, tana da saurin gaske, amma tana jin magani in an tare ta da wuri, kuma asibitinta yana nan cikin Sakkwato.

In lafiyarsa ƙalau, ki fara ranar Juma'ar nan da kwaɗon zogale. Ki tafi da su Kasuwar Daji in da hali, ko wajen mai kayan miya na unguwa, kowa ya zaɓi tumatir biyu da lemun tsami ɗaya da hannunsa. Ki roƙi Inna ta zauna da su a tabarma su zuge ganyen, ke ki dafa. In ya huce su haɗa. Kada ki ce wa namijin ya ci, ko kallonsa kada ki yi ta yi. Ki zuba kaɗan a kwano mai murfi ki ba shi ya kai wa babansa in ya dawo daga masallaci, ki bar shi ya faɗa da bakinsa wa ya yi.